Ruwan zafin Alhama de Granada: mene ne ke ɗumama shi, kuma me yake yi wa mai ciwon gwiwa?

Tambaya: Ina zaune a Malaga, a kudancin Sifaniya, kuma mahaifiyata ta zo mini ziyara tana fama da ciwon gwiwa da ya daɗe yana damunta. Abokan aikina sun ba ni shawarar in kai ta wani ƙaramin gari mai suna Alhama de Granada, inda suka ce ruwan zafi yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa tun zamanin Musulmin Andalus, kuma yana maganin ciwon gaɓɓai. Ina so in san abin da ke sa ruwan ya yi zafi, ko akwai dutse mai aman wuta a ƙarƙashin garin, sannan ko maganar warkarwar nan gaskiya ce ko tallar masu otal ce kawai.

Amsa: Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da ita. Babu dutse mai aman wuta a ƙarƙashin Alhama. Ruwan da ke fitowa a can ruwan sama ne da dusar ƙanƙara da suka zuba a kan duwatsun yankin, suka nutse cikin ƙasa har suka kai zurfin da ƙasa take da zafi, sannan suka sami wata tsaga a jikin dutse suka dawo sama ba su huce ba. Batun magani kuwa akwai gaskiya a cikinsa, sai dai gaskiyar ba ta kai yadda ake kambama ta ba: ruwan yana rage raɗaɗi, yana sassauta gaɓar da ta sage, amma ba ya mayar da guringuntsin gwiwar da ya riga ya cinye.

Alhama tana yankin Andalusiya, kilomita 50 da ɗoriya kudu maso yamma da birnin Granada, kuma mazaunanta ba su wuce kimanin 6,000 ba. Ko da yake Bahar Rum ba ta da nisa idan aka ja layi a kan taswira, garin ba na bakin teku ba ne, domin wani jerin manyan duwatsu ya gitta tsakaninsa da gaɓa, kuma mafi tsayi a cikinsu, wanda ake kira La Maroma, ya haura mita 2,000. Shi kansa garin yana kusan mita 900 sama da teku, a bisa leɓen wani kwazazzabo mai zurfi da kogin Alhama ya yanka a cikin dutse. Maɓuɓɓugar ruwan zafin ba a tsakiyar gari take ba, tana can ƙasa a bakin kogin, tafiyar kilomita 2 zuwa 3 ta arewa, kuma ruwan yana fitowa da zafin digiri 47 a ma'aunin Salshiyas. Ka lura da sunan da kyau lokacin neman mota, domin akwai Alhama ta Aragon, da ta Murcia, da ta Almeriya, dukansu garuruwan ruwan zafi ne da suka gaji sunan daga Larabawa.

Duk wanda ya taɓa ɗibar ruwan rijiya mai zurfi da asubar hunturu ya san yakan ji shi da ɗumi, alhali ruwan randa ya yi sanyin da ba a iya sa hannu. Dalilin shi ne sanyin dare da zafin rana ba sa ratsa ƙasa sosai. Da an wuce mita 10 zuwa 20, zafin ƙasa yakan tsaya wuri guda shekara ta zagayo. Daga nan zuwa ƙasa kuma zafin ƙaruwa yake yi, a mafi yawan wurare da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowane kilomita ɗaya na zurfi. Wannan zafi yana da tushe biyu. Akwai wanda ya saura a cikin duniya tun farkon samuwarta yana fita a hankali, akwai kuma wanda ma'adinai irin su yuraniyam suke fitarwa a cikin duwatsu yayin da suke rikiɗewa sannu a hankali. Saboda haka ƙasa ba ta buƙatar dutse mai aman wuta kafin ta ɗumama ruwa, kuma ko'ina aka haƙa da zurfi, a Sifaniya ne ko a Katsina, za a tarar da wannan zafi.

Lissafin Alhama ba shi da wuya. Mu ɗauka ruwan ya shiga ƙasa da sanyin digiri 15. Yana buƙatar ƙarin digiri 32 kafin ya kai 47, wato sai ya sauka fiye da kilomita ɗaya. A haƙiƙa ma zurfin ya zarce haka, domin ruwan yana barin wani ɓangare na zafinsa a jikin dutse sa'ad da yake hawa, sannan kusa da sama yana iya gauraya da ruwan sanyi na kusa. Abin da ya fi cancanta a tambaya shi ne me ya sa, tunda zafin yana ko'ina, ba a samun irin wannan marmaro a ko'ina. Amsar tana ga yanayin duwatsun yankin. Galibinsu irin farin dutsen nan ne da ake yin siminti da shi, wanda ruwan sama yake ci a hankali har ya buɗe masa ramuka da hanyoyi a ciki. Idan ka biyo tsohuwar hanya daga Velez-Malaga, za ka ratsa wata ƙofar dutse ka faɗa filin Zafarraya, wani faffaɗan fili da duwatsu suka kewaye, wanda rafinsa ba shi da mafita a sarari sai dai ya ɓace cikin ramukan ƙasa. Wannan ya isa ya nuna maka yadda ƙasar wurin take haɗiye ruwa. To ruwan da ya shiga daga kan tudu mai tsayi yana da nauyin wani ruwan a bayansa yana tura shi, kuma ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, don haka duk inda ya sami kafa sai ya yi sama. Kafar ita ce tsagar da ta ratsa dutse daga zurfi zuwa sarari. Da ruwan zai riƙa tsattsafowa ne a hankali ta cikin yashi da laka, da ya huce tun a hanya. Tsaga ce take ba shi damar hawa da sauri. Tafiyar gaba ɗaya, daga saukar ruwan sama zuwa fitowarsa, takan ɗauki shekaru masu yawa, shi ya sa irin waɗannan maɓuɓɓugai ba su cika damuwa da damina ko fari ba, yawansu da zafinsu kusan ɗaya ne a kowane lokaci.

Kada a fahimce ni da cewa babu ruwan zafin da wutar ƙarƙashin ƙasa ke dafawa. Akwai shi a wannan yanki na Bahar Rum, musamman a Italiya, a tsibirin Ischia da kewayen birnin Naples. Akwai kuma masu zafin da ya ninka na Alhama, kamar Hammam Debagh a lardin Guelma na Aljeriya, inda ruwan yake fitowa yana dab da tafasa. Namu na gida, Wikki da ke Yankari a jihar Bauchi, bai wuce digiri 31 ba, kuma shi ma babu wani dutse mai aman wuta da ke hura shi. Mutanen Agadas sun san Tafadek, inda ake zuwa wanka don neman sauƙin irin ciwon da ke damun Hajiya.

Ruwa mai zafi da ya daɗe a cikin dutse dole ya narkar da wani abu daga jikinsa, don haka na Alhama yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam da gishirin salfet, irin abubuwan da duwatsun yankin suka ƙunsa. Su ne ake rubutawa a allon gidan wanka da manyan baƙaƙe, kuma zan dawo kansu. Ga mai tunanin tsarki, malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mutanen Andalus kamar yadda take tamu, sun yi bayanin cewa ruwan da ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza saboda ƙasar da yake zaune a cikinta bai fita daga hukuncin ruwa mai tsarkakewa ba.

Tsagar da ke kawo ruwan ba don jin daɗin masu wanka ta samu ba. Kudancin Sifaniya yana wurin da faifan ƙasa na Afirka, wato ƙaton ɓangaren ɓawon duniya da nahiyar take zaune a kai, yake tunkuɗar na Turai da 'yan milimitoci kaɗan a kowace shekara. Wannan tunkuɗa ce ta tayar da duwatsun, ita ce ta farfasa su, kuma har yanzu ba ta tsaya ba. A daren 25 ga Disamba, 1884, wata tsaga da ke wajen Zafarraya ta motsa, ƙasa ta girgiza, kimanin mutum dubu suka hallaka a yankin, ɗaruruwa daga cikinsu a Alhama kaɗai, inda gidajen da aka gina a leɓen kwazazzabo suka rufta. Ƙauyen Arenas del Rey ya rushe har sai da aka sake gina shi a wani wuri na kusa. Waɗanda suka tsira sun kwana a waje cikin sanyi da dusar ƙanƙara, kuma a watan Janairun 1885 Sarki Alfonso na 12 ya zo da kansa ya ga ɓarnar, daga baya aka gina wa Alhama sabuwar unguwa da gudummawar da aka tara. Abin da ya shafi tambayarka a nan shi ne bayan girgizar wata sabuwar maɓuɓɓugar ruwan zafi ta ɓulla kusa da tsohuwar, ita ce ake kira sabon wanka har yau. A wurin masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, da wuya a sami hujjar da ta fi wannan bayyana cewa tsagar dutse ce hanyar ruwan: dutse ya motsa, sabuwar kafa ta buɗe, ruwa ya bi ta. Ban faɗi haka don in tsorata ka ba, domin girgiza mai irin wannan ƙarfi takan jima ƙwarai ba ta maimaitu ba, kuma Malaga da kake zaune ma ta ji wancan motsin.

Abokan aikinka sun yi gaskiya game da Musulmin Andalus, sai dai ba su ne suka fara ba. Rumawa sun riga su, kuma a kan tushen kwarmin wankan Rumawa ne Musulmi suka ɗora nasu ginin, wanda galibi ake dangantawa da zamanin daular Muwahhidun, wadda ta mulki Maroko da Andalus, a ƙarni na 12. Ginin yana nan a cikin harabar otal ɗin da ke wurin: bakan gizo masu siffar kofaton doki sun tsaya a cikin ruwan suna ɗauke da rufin, haske yana shigowa ta ƙananan kafofin da aka bari a sama. Ibn Baɗuɗa ya bi ta Alhama wajen shekarar 1350 a hanyarsa daga Malaga zuwa Granada, ya siffanta ta da ƙaramin gari mai kyakkyawan masallaci, ya ce maɓuɓɓugar tana bakin kogi kimanin mil ɗaya daga gari, da ɗakin wankan maza daban da na mata daban. Matafiyin nan dai shi ne ya ƙetare Sahara ba da jimawa ba, ya je Mali, ya biyo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagullar can.

Darajar Alhama a zamanin Banu Nasr, sarakunan Musulmi na ƙarshe a Granada, ba ta tsaya ga wanka ba, domin tana kan hanyar da ta haɗa fadar Granada da tashar jiragen ruwa ta Malaga. A watan Disamban 1481 Sarki Abul Hasan Ali na Granada ya ƙwace garin Zahara daga hannun Kiristocin masarautar Kastil. Ramuwar ta zo a daren 28 ga Fabrairu, 1482, lokacin da rundunar Rodrigo Ponce de Leon, mai sarautar Kadis, ta lallaɓo ta cikin duwatsu ta haura ganuwar Alhama da tsani. Abul Hasan ya zo ya yi wa garin ƙawanya, kuma makamin da ya fi gigita waɗanda ke ciki shi ne ƙishirwa, domin garin da ya yi suna da ruwa yana bisa dutse, ruwan shansa kuwa yana can ƙasa a kogi. Sai ya sa aka karkatar da kogin, ya zamana ba a ɗibar ruwa sai da faɗa. Duk da haka bai iya karɓe garin ba, saboda taimako ya iso wa mutanen Kastil. A cikin wannan shekara ɗansa Abu Abdullahi ya yi masa tawaye ya karɓe gadon sarauta, kuma yaƙin da ya soma da faɗuwar Alhama bai ƙare ba sai da aka miƙa Granada a ranar 2 ga Janairu, 1492. Babban cocin garin na yau an gina shi ne a gurbin masallacin Juma'a.

Yanzu ga gwiwar Hajiya. Abu na farko da ruwan yake yi shi ne ɗauke nauyi. Mutumin da ya tsaya a ruwa iya ƙugu, ƙafafunsa kusan rabin nauyinsa kawai suke ɗauka, idan kuwa ruwan ya kai wuya, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Gwiwar da ta shekara tana ɗaukar kaya cikin raɗaɗi sai ta sami damar lanƙwashewa da miƙewa ba tare da azaba ba, kuma wannan motsi shi ne asalin amfanin, domin gaɓar da ba a motsa ta ƙara sagewa take yi, tsokar cinyar da ke tallafe ta kuma ta ƙara raunana. Zafin yana buɗe jijiyoyin jini, yana sassauta tsokar da ta ɗaure, yana kuma dusashe jin zafi na ɗan lokaci. Sai hutu da barci da nisantar hidimar gida, waɗanda ba a cika lissafawa ba alhali suna da nasu rabo. Binciken da aka yi a kan masu amosanin gwiwa da masu ciwon baya ya nuna sauƙi na haƙiƙa wanda kan ɗore makonni, wani lokaci watanni, bayan an kammala zaman wanka na kwanaki a jere. Amma irin wannan bincike yana da rauni a gininsa, domin ba yadda za a ɓoye wa mutum cewa an tsoma shi a ruwan ɗumi, balle a rarrabe abin da ruwan ya yi da abin da sa ran samun sauƙi da hutu suka yi.

Ma'adinan da ake yi wa talla su ne suka fi ƙarancin hujja. Fatar ɗan Adam shinge ce, ba ta barin kalsiyam da magniziyam su shiga jini da yawan da zai gina ƙashi ko guringuntsi. A ganina, mafi yawan sauƙin da Hajiya za ta samu a Alhama za ta iya samun kwatankwacinsa a kowane wurin motsa jiki cikin ruwan ɗumi da ke da ƙwararren mai kula, kuma Malaga ba ta rasa irinsu ba. Wannan bai sa tafiyar ta zama asara ba. Gwamnatin Sifaniya da kanta, ta hannun hukumar kula da tsofaffi da ake kira IMSERSO, tana tallafa wa tsofaffi su je irin waɗannan gidajen wanka tun daga 1989, kuma zaman yakan kai kwana 10 zuwa 12. Daga nan za ka gane cewa wankan yini ɗaya shaƙatawa ce, kada ka sa ran zai canza wani abu mai ɗorewa.

Inda nake so ka fi mayar da hankali shi ne haɗarin, domin digiri 47 ya yi wa jiki yawa. Wankan da aka amince da shi ba ya wuce digiri 40, kuma ga tsoho 36 zuwa 38 ya wadatar, na minti 10 zuwa 15 a karon farko. Ruwan zafi yana saukar da matsin jini a cikin jijiyoyi, zuciya kuma ta ƙara sauri don ta cike giɓin, shi ya sa mutum kan ga jiri ko ya yanke jiki ya faɗi daidai lokacin da ya miƙe zai fita. Idan Hajiya tana shan maganin hawan jini, ko tana da ciwon zuciya, kada ta shiga sai likitanta ya amince. Idan tana da ciwon suga da ya taɓa jijiyoyin ƙafa, tana iya ƙonewa ba ta ji ba, kuma duk wani miki a ƙafa ya isa dalilin fasa wankan. Haka nan idan gwiwar ta kumbura, ta yi ja, tana da zafi idan an taɓa, to ƙarin zafi ba alheri ba ne gare ta, asibiti za a nufa. Ta sha ruwa kafin ta shiga da bayan ta fito, ta fito a hankali da wani riƙe da ita, kuma kada ta yi wankan tana azumi.

A ƙasa da gidan wankan, a bakin kogi, akwai wasu ƙananan kududdufai da ruwan zafin ke malala ciki, inda jama'a suke shiga kyauta. Ga matashi mai lafiya ba laifi, muddin bai tsoma kai da hanci cikin ruwan ba kuma bai sha ba, domin ruwan ɗumi da ba a sa masa magani yana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da ke shiga ta hanci ta kama ƙwaƙwalwa. Kamuwa da ita abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, amma wanda ta kama da wuya ya tashi. Ga Hajiya ban ba da shawarar wurin ba ko kaɗan, saboda santsin duwatsu da rashin mai kula da zafin ruwan. Gidan wankan ya fi dacewa, domin irinsu a Sifaniya suna da likitan da ke duba mutum kafin a tsara masa wanka. Ka sani kuma rabon maza da mata da Ibn Baɗuɗa ya gani ba shi ne tsarin wuraren wankan Turai a yau ba, don haka ka buga waya tun kafin ku tashi ka nemi kwarmin wanka na mutum ɗaya da ma'aikaciya mace, ka kuma tambayi ranakun buɗewa, domin da yawa daga irin waɗannan gidaje suna rufewa a tsakiyar hunturu. Ku tafi da kayan sanyi ko da Malaga tana da ɗumi, saboda mita 900 ba wasa ba ne da dare. Idan kuma za ku shiga tsohon garin ku ga kwazazzabon, ku bar mota ta kai ta har dandalin da ke sama, domin titunan unguwar Larabawa hawa da gangara ne, kuma gangara ta fi hawa cin gwiwa.